Antocin Ɗigo

Ni tela ce, kuma ni ce babba a ɗakinmu, saboda haka ba a raba ni da abu biyu, tef a wuya da magana a baki. Ƙanwata Auta kuwa tun tana ƙarama ba ta iya wuce madubi ba ta tsaya sun gaisa ba. Ranar da waya mai kyamara ta shigo hannunta na ce wa mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, shi ke nan, madubin Auta ya samu baki.

'Ya ɗaya gare ta, shekararta biyar. Ɗigo muke ce mata, don ranar da aka haife ta nas ta miƙo min tawul, sai da na leƙa sau biyu kafin in ga akwai mutum a ciki. Ubanta aikin kafa ƙarafunan sabis na waya yake yi, ya yi wata guda a hanya, ya yi kwana huɗu a gida. Kaɗaici ne ya fara sa Auta ɗaukar bidiyo, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Shekara guda tana fama, mabiyanta ba su cika ɗari uku ba, rabinsu ma danginmu ne da ke kallo don su samu abin faɗa.

Sai ta shiga wani aji a waya, na wata mata da suke kira Koci, wato mai horarwa. Ban taɓa ganin Koci ba, amma na sha karatunta har na ƙoshi, domin a shagona Auta ke zuwa bita, ina taka keke tana karanto min.

"Yaya, ji wannan. Ta ce mutane ba shafi suke bi ba, gida suke nema. Ki ba mabiyanki suna, su ji su ma 'yan gida ne. Ki riƙa buɗe kowane bidiyo da magana iri ɗaya, ki sake shi a lokaci ɗaya, har ya zama ranar da ba su gan ki ba su kasa sukuni."

"To wane suna za ki ba su? Marasa aikin yi?"

"Ke dai Yaya ba kya son ci gaba."

Kwana uku tana juya suna a baki. A na huɗu shafin ya koma Gidan Maman Ɗigo, mabiya kuma suka zama antocin Ɗigo. Kullum ƙarfe biyar na yamma sai ta ɗora yarinyar a cinya ta ce, "Ɗigo, gaida antocinki." Ita kuma ta ɗaga hannu biyu ta washe baki, "Sannunku antocina!" Daga nan a shiga abin da ya sawwaƙa, wankin kai, shirya jakar makaranta, rigimar shan magani.

Kamar wasa abu ya kama. Kafin shekara ta zagayo mabiya sun haura dubu ɗari biyu, masu sabulu da masu takalman yara suna bin Auta da waya. Idan ta shiga kai tsaye, wato ana kallonta a daidai lokacin da take magana, sai ta riƙa karanto sunayen masu aiko da kyauta: "Ɗigo, anti wance ta aiko miki da fure, ce mata na gode." A kasuwa mace za ta tare mu tana ihu, Auta ta tura yarinyar gaba, "Je ki rungumi antinki a yi hoto." Sau ɗaya na yi magana, na ce a duniyar nan ni kaɗai ce antin Ɗigo. Kishi ne ya sa na faɗa, ba hangen nesa ba. Kuma duk rigar da yarinyar ta sa a bidiyo ni na ɗinka, da sunan shagona a ƙasa, har sai da na ƙaro keke na biyu. Don haka duk abin da zan faɗa a kan Auta, a ajiye min nawa kason.

Ba kuma sakarya ba ce. Bajon makaranta rufe shi take da hoton fure, ba ta taɓa ɗaukar ƙofar gida ba, ba ta taɓa faɗin sunan unguwa ba. Koci ta yi musu darasi guda a kan wannan, Auta kuma ba ta tsallake maganar Koci.

Ranar Laraba ni ke ɗauko Ɗigo daga makaranta, don ranar ce Auta ke ɗaukar tallace-tallacen mako gaba ɗaya. Kowa ya san haka, har antocin, tunda ta sha faɗa musu, "Yau Laraba, Ɗigo na hannun Yaya." Ƙarfe ɗaya ake tashi. Wannan Larabar wata mata ta tsare ni a shago, wai na matse mata hannun riga, alhali ita ce ta ƙaru. Na tsaya sai da na ga ƙarshen gardamar, halina ke nan. Ɗaya da minti ashirin na isa ƙofar makaranta.

Maigadin sabo ne, ranar Litinin ya kama aiki. Dattijo mai tsabta, da littafi a hannu, da biro a bayan kunne. Na gaishe shi, na faɗi sunan Ɗigo na makaranta da ajinsu. Ya bi layi da yatsa a hankali.

"An ɗauke ta."

"Uwarta ce ta zo?"

"A'a, antinta. Ga shi a rubuce, ranar Laraba antinta ke zuwa."

"Baba, ai ni ce antinta."

Ya ɗago ya dube ni, ya sake duban littafin. "To ɗaya antin ce ta zo."

"Babu wata ɗaya. Mu biyu aka haifa, ni da uwarta. Ubanta kuwa duk maza ne 'yan uwansa."

Ya sauke littafin. Ya ce, "'Yata, wallahi ban yi ganganci ba. A gaban Malama na tambayi yarinyar, na ce wace ce wannan? Ta ce antina ce. Da gudu ta je ta rungume ta. Matar ta kira ta da Ɗigo, ta zaro jakarta cikin jakunkuna ba tare da an nuna mata ba. Har tambayarta ta yi ya haƙorin da ke girgiɗi."

Na fizge littafin. A inda ake sa suna an rubuta kalma ɗaya da kyakkyawan rubutu: Anti. A inda ake sa lambar waya an ja layi. Lokaci, ɗaya da minti uku.

Na dafa ƙarfen get. Tsoro ne zalla ya kama ni, kuma tare da shi wata murya na ta maimaita min, minti goma sha bakwai, a kan hannun riga. Na tambayi kamannin matar. Ya ce mace ce dai kamar ni, ba doguwa ba, ba gajera ba, da baƙar jaka. Malama ta fito tana salati, ita ma iyakar abin da ta riƙe ke nan, sai dai ta ƙara da cewa matar na da fara'a. Sun bi ta hannun dama, wajen da ake tare tasi.

Na kira Auta sau shida, waya a rufe. Idan tana ɗauka kashe layi take yi kada kira ya ɓata mata bidiyo. Na bar shugabar makaranta tana kiran 'yan sanda, na kwasa da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Gidan Auta ba nisa, bene ne mai hawa uku, su suna na biyu. Na tura ƙofa ko sallama babu.

Falon Auta kashi biyu ne. Kusurwa ɗaya ta sha farin fenti, da kujera mai laushi, da tukunyar fure, da fitilar nan mai kama da zobe. Sauran falon kwandon wanki ne da kwalaye da takalman Ɗigo wari-wari. Tana zaune a kusurwar da sabulu a hannu tana wa waya murmushi, ta ɗaga min yatsa alamar in yi shiru. Na bige wayar daga kan sandarta.

"Yaya, lafiyarki? Sau na tara ke nan nake..." Sai ta dubi bayana. "Ina Ɗigo?"

Na faɗa mata a tsaye, yadda aka faɗa min. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye sabulun a hankali kamar mai gudun kada ya fashe, ta ce, "Wace anti?" Kafin in ba ta amsa na ga ta ba kanta. Fuskarta ta sauya a ƙarƙashin hoda, ta durƙushe.

Awa guda da ta biyo baya ban iya jera ta daidai ba. Mun koma makaranta, 'yan sanda biyu sun zo sun rubuta bayani, sun karɓi hoto, sun bar mana lamba. Babban ya ce mu koma gida mu zauna kusa da waya, ko matar za ta kira. Mun bi masu tasi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ga mata da yara, ba wanda ya ga tamu. Mun kira uban Ɗigo ya fi sau ashirin. Mutumin da ke kai wa duniya sabis, inda yake babu sabis.

Uku saura muka dawo falon nan. Auta ta zauna a ƙasa ta buɗe akwatin saƙonni tana ja da yatsa, dubbai, ba ta taɓa karanta ko kashi ɗaya cikin goma ba. Anti kaza, anti kaza, wasu da hoton fure, wasu da hoton Ɗigo kanta a matsayin fuskarsu. Ta ce, "Yaya, tana cikin nan. Tana cikin nan, kuma ban san ta ba."

Ni na kawo shawarar. Na ce, "Shiga kai tsaye. Mutum dubu ɗari biyu gare ki, yau ranar amfaninsu ce. Wani zai gan su a hanya."

Ta mayar da wayar kan sanda. Ta zauna a kujerar nan da jirwayen hawaye a hoda. Da jan ɗigon da ke nuna an fara ɗauka ya kama, bakinta ya buɗe da kansa, "Ɗigo, gaida..." Ta dubi cinyarta, ta kasa ƙarasawa. Sai ta faɗi abin da ya faru, da kalar rigar makaranta, da jan ribon, da haƙorin da ke girgiɗi.

Ina tsaye a bayan wayar ina kallon lambar masu kallo tana hawa. Dubu biyu, dubu bakwai, dubu goma sha biyar. Rubutu na gudu a ƙasa ba ya tsayawa. Masu addu'a, masu kuka, masu cewa sun ga yarinya irinta a tasha, a asibiti, a wani gari da ko jirgi ba zai kai ta cikin awa biyu ba. Wata ta ce shiri ne, ana neman mabiya. Wani ya ce kukan ma bai yi kama da na gaske ba. Da yawa kuma tambaya ɗaya suke yi: a ina abin ya faru, idan an gan ta ina za a kai ta?

Auta ta dube ni. "Yaya, ba a faɗin unguwa. Koci ta ce ko me..."

"'Yarki ta ɓace kina kira min Koci? Faɗa musu! Ta yaya za su nema ba su san inda za su duba ba?"

Ta faɗa. Ta faɗi sunan makaranta, ta faɗi unguwa, ta faɗi layi, ta faɗi kalar benen da shagon magani da ke ƙasansa. Ta maimaita sau uku don kada wani ya rasa. Ni na sa ta, da bakina.

Can cikin gudun rubutun na ga wani layi ya wuce: Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, tana wurina, ga mu nan zuwa. Na yi ihu na dangwala yatsa a gilashin, kafin in kama sunan wasu ɗari sun tura shi sama. Muka ja baya muna nema, muka samu irinsa guda huɗu daga mutane daban-daban, ɗaya har da hoton dariya. Ba mu san wanne ne na gaske ba, ko ma babu. Auta ta kashe bidiyon, muka zauna muna kallon ƙofa.

Ban taɓa sanin agogon bango na da ƙara haka ba. Na ƙirga abubuwan da ake yi wa yara, duk wanda na taɓa ji a shago daga bakin masu kawo ɗinki, na kasa hana kaina. Auta na riƙe da warin takalmin Ɗigo tana murza shi. A ƙasa hayaniya ta fara taruwa. Na leƙa ta taga na ga maƙwabta, sai kuma fuskokin da ban sani ba, suna sauka daga tasi suna nuna benen da waya. Na ji daɗi a lokacin, na ce ga jama'a sun zo taimako.

Huɗu da kwata aka ƙwanƙwasa. Ba da ƙarfi ba, sau uku, irin na mai ladabi.

Ɗigo ce a gaba, da sabon kitso da ƙananan duwatsu masu launi a jela, da sabon takalmi, da ragowar ayis kirim a haɓa. Auta ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ta sure ta ta zube da ita a ƙasa tana shinshina ta. A bayanta matar na tsaye. Ba doguwa ba, ba gajera ba, da baƙar jaka, shekarunta za su kai nawa. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ta jera su, ta shigo tana murmushi.

"Yaya, sannu da gida. Kin fi kyau a fili." Ta dubi falon. "Ashe ƙarami ne. Bari in ɗebo mata ruwa, ba ta sha ba tun ɗazu."

Ta wuce ni ta shiga kicin, ta buɗe kabad na biyu daga hagu, ta ɗauko kofin Ɗigo mai hoton agwagwa. Ba ta yi lalube ba. Wannan ya fi komai tayar min da tsikar jiki, ni da nake zuwa gidan kullum sai na buɗe kabad biyu kafin in same shi.

Auta ta ɗago daga ƙasa. "Wace ce ke? Me na yi miki?"

Murmushin matar ya ragu, kamar wadda aka mara ba ta san laifinta ba. "Haba Maman Ɗigo. Ni ce fa. Sau goma sha ɗaya kina kiran sunana. Ni na aiko da rigar sanyi lokacin da ta yi tari. Ranar da ta fara makaranta ban iya cin abinci ba sai da kika saka bidiyon dawowarta." Ta miƙa wa Ɗigo kofin, yarinyar ta karɓa da hannu biyu. "Jiya da bakinki kika ce kin gaji, kika ce ina ma wata anti ta zo ta karɓe ta na yini ɗaya."

"Wasa nake yi! Magana ce ta bidiyo!"

"To ni ban san da wasa a tsakanin 'yan uwa a kan irin wannan ba. Wayata na cikin jaka muna wurin kitso, ban ga kina nema ba sai daga baya. Kuma ba don wannan kaɗai na ɗauke ta ba. Da kalar rigarsu na gano makarantar. Mako uku ke nan ina zuwa bakin katangarta lokacin hutun tara, ina kallonta daga nesa, ba na damun kowa. Akwai abin da na gani da ya kamata ku..."

Mako uku. Nan kaina ya yi zafi. Ban bari ta ƙarasa ba, na shaƙo wuyan rigarta na haɗa ta da bango, na faɗa mata maganganun da ba zan maimaita ba. Na ce idan ta sake buɗe baki a gidan nan sai na zubar mata da haƙora. Ta tsaya tana kallona, hawaye na bin fuskarta, ba ta ko ɗaga hannu ba. Ɗigo ta fashe da kuka tana cewa in saki antinta.

Maƙwabta suka shigo suka raba mu, 'yan sandan suka iso ba da jimawa ba. Da za su fita da ita ta tsaya ta sa takalminta a natse, ta juyo ta ce wa Auta, "Ni ba baƙuwa ba ce. Ke kika ce mu 'yan gida ne." Aka sauka da ita. Muka ji ihun jama'a a ƙasa ya tashi, ya bi motar, ya dawo.

Na kori kowa na sa sakata. Muka kai Ɗigo banɗaki muka tuɓe ta, muka duba ta tun daga kai har tafin ƙafa, muna yi kamar wanka ne kawai. Babu ko ƙwarzane. Auta ta jingina da bango tana godiya ga Allah, tana cewa ta bar bidiyo har abada, yau za ta goge shafin. Na ce ta bari sai 'yan sanda sun gama da shi. A karo na farko tun ƙarfe ɗaya na ji numfashina ya kai ƙasa.

Jama'ar ba su watse ba. Ƙaruwa ma suka yi, layin ya cika har bakin shagon magani, mata da maza, wasu da leda a hannu, kusan kowa da waya a sama. Suna kira, "Maman Ɗigo, fito da ita mu gan ta! A nuna mana ita mu ji sanyi!" Na ja labule. Na zaunar da Ɗigo a cinyata ina shafa mata mai, na ce bari in yi gyaran da ya kamata a yi tun shekara biyu da suka wuce.

"Ɗigo, saurare ni. Anti ɗaya gare ki, ni. Duk wadda ta zo ta ce ita antinki ce, ko ta san sunanki, ko ta ba ki alawa, kada ki bi ta. Kin ji?"

"Har antocina na waya?"

"Har su."

Ta taɓa haƙorinta da harshe. "Amma wannan tana da kirki. Ita ta ce in daina zuwa wurin katanga."

Auta ta daina goge fuska.

"Me kike yi a wurin katanga?" na tambaya, ina ƙoƙarin kada muryata ta canza.

"Akwai rami a ƙasa, wajen famfo. Nan Kawu ke miƙo min biskit."

"Wane Kawu? Ƙanin babanki?"

Ta yi dariya, wai ban san komai ba. "A'a, Kawu na waya. Ya ce shi ma yana kallona kullum, amma Mama ba ta taɓa cewa in gaida shi ba, antoci kawai. Ya ce kada in faɗa, sirrinmu ne." Ta rufe baki da hannu. "Kai, na faɗa."

Man da ke hannuna ya yi sanyi. Na dubi Auta, ta dube ni. Matar da ta tsaya mako uku a bakin katanga, wadda ta san fuskarsa, na tuna inda na tsayar da maganarta.

"Yaya kamanninsa, Ɗigo? Dogo ne? Yana da gemu?"

"Yana da kirki."

"Me kuma ya ce miki?"

"Ya ce gobe zai kai ni in ga ƙananan zomaye. Ya tambaye ni gidanmu, na ce bene ne, amma ban san sunan layin ba. Ya ce ba komai, zai sani."

Auta ta rarrafa ta ɗauko wayarta tana neman lambar ɗan sandan, ta kasa gano ta. Na miƙe in karɓa in kira. Sakan nawa ne? Ɗigo ta zame daga kujera ta nufi taga, don tun ɗazu take jin ana kiran sunanta, kuma an koya mata idan an kira ta ta amsa. Ta shige bayan labule. Ihu ya tashi a ƙasa, na murna.

"Anti, zo ki gani! Ga Kawu can, ya zo!"

Na isa tagar na riƙe kafaɗarta. Layin cike yake, fuska a kan fuska, duk sun ɗago suna murmushi. Maza a ciki sun fi talatin, wasu a jikin motoci, wasu a bakin shagon magani, biyu a kan matakalar benen.

"Wanne? Ɗigo, nuna min wanne."

"Ga shi can mana," in ji ta, ta ɗaga hannu biyu tana gaishe shi.

Maza shida ne suka ɗago mata hannu.